Na'urar da ke share ɗaki da kanta: Ko za ta iya da rairayin Gure?

Kwanakin baya ina zaune a rumfar wani abokina mai sayar da kayan wuta a kasuwar Gure, sai ga wata hajiya daga cikin masu haɗa kayan ɗakin amare ta iso da salula a hannu. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta miƙa masa, ta ce ya duba wannan abu ya gaya mata ko ana samunsa a Kano ko a kasuwar Dole ta Damagaram, kuma nawa ake sayar da shi. Abin da ke cikin salular wani ɗan bidiyo ne na wata na'ura mai kama da faifai, baƙa wuluk, tana yawo ita kaɗai a tsakar wani falo tana tsotse datti. Ta shiga ƙarƙashin gado ta fito, ta kewaye ƙafar kujera, da ta gama kuma ta koma gindin bango ta lafe tana shan caji ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Nan da nan mata suka taru ana miƙa salular hannu zuwa hannu, wasu na salati, wasu na dariya. Wata dattijuwa da ke kasa tsintsiya a gefen rumfar ta leƙa ta gani, ta ce shi ke nan nasara ya kashe mata kasuwa. Ita kuwa hajiya ba wasa ya kawo ta ba. Lissafinta shi ne ta sari guda biyar ta gwada, domin ta san halin iyayen amare, duk abin da aka ce babu shi a ɗakin ƴar wance, to shi za a nema ko da bashi. Abokin nawa bai iya ba ta amsa ba, don shi ma a ranar ya fara ganin abin.

Tunda na san irin hajiya suna da yawa a Gidigir da Subdu da Damagaram da Maraɗi, masu ganin irin wannan bidiyo suna buga lissafin riba a zuci, na ga ya dace mu baje wannan haja mu duba ta ciki da bai, tun kafin wani ya zuba jarinsa ya zo yana cizon yatsa.

Da farko dai na'urar tsotsar ƙura ba sabon abu ba ce a duniya. A shekarar 1901 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Hubert Cecil Booth ya ƙera wata ƙatuwa wadda doki ke ja, ana tsayar da ita a ƙofar gida a zura dogon tiyo ta taga. A 1907 kuma wani mai shara a wani kanti da ke garin Canton na jihar Ohio a Amurka, James Spangler, wanda ƙurar shara ke tayar masa da ciwon asma, ya haɗa wata ƴar ƙarama da injin fanka da sandar tsintsiya da rigar matashin kai. A 1908 ya sayar da haƙƙin ƙirar ga William Hoover, wanda sunansa ya bi na'urar har yau. Amma duk waɗannan sai mutum ya riƙe ya tura su.

Wadda ke tafiya da kanta ta shigo kasuwa ne a 2001, lokacin da kamfanin Electrolux na ƙasar Suwidin ya fitar da wata mai suna Trilobite, sai dai tsadarta ta hana ta karɓuwa. A watan Satumba na 2002 wani kamfanin Amurka mai suna iRobot, wanda wasu masana uku daga jami'ar MIT suka kafa a 1990, ya fito da tasa mai suna Roomba a kan dala 200. Dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba, kuɗin da ko a wancan lokaci ya haura jika ɗari. Wannan ita ce ta buɗe kasuwar, kuma kamfanin ya ce ya sayar da na'urori fiye da miliyan 50 a duniya. Daga baya kamfanonin ƙasar Sin irin su Ecovacs da Roborock da Dreame suka shigo da ƙarfinsu, har suka ƙwace kasuwar daga hannunsa.

Yadda take aiki kuwa ba wani tsafi a ciki. Faɗinta kamar santimita 35 ne, tsayinta bai cika kai santimita 10 ba. Tana da manyan tayoyi biyu da wani ƙarami a gaba. A gefenta akwai ɗan buroshi mai juyawa da ke janyo datti daga lungu, a ƙarƙashinta akwai wani dogo mai naɗawa da ke ɗaga shi sama, sai wata ƴar fanka a ciki ta zuƙe shi zuwa wani ɗan akwati. Kafin iskar ta fita sai ta bi ta cikin wani mataci na takarda mai tare ƙura. A goshinta akwai abin da ke sanar da ita ta yi karo da bango, a ƙasanta kuma akwai wasu ƴan idanu da ke hana ta faɗawa rami ko matakala. Masu araha suna yawo ne kamar makaho ya ɓatar da sanda, su bugi nan su juya su bugi can har batir ya ƙare. Masu tsada suna da haske mai auna nisa ko kyamara, suna zana taswirar gidan su riƙa bin layi-layi, kuma ana ba su umarni daga salula.

To, abin tambaya shi ne, wane irin ɗaki aka ƙera ta dominsa?

An ƙera ta ne domin ɗakin da daɓensa ke shimfiɗe sumul, na katako ko tayil ko kafet da aka manne, tagogi na gilashi a rufe ruf, ƙofa ba ta barin ko iska ta wuce. Dattin irin wannan gida bai wuce gashin kare da na kyanwa da ɓarɓashin burodi da zaren tufafi ba. Sannan a can ɗan aiki tsada gare shi. A Faransa mafi ƙanƙantar ladan aikin awa guda ya haura yuro 11, wato sama da jika bakwai. A nan Nijar mafi ƙanƙantar albashin wata da gwamnati ta tsayar daga farkon 2024 jika 42 ne. Ke nan aikin awa shida a can ya biya albashin wata a nan. Matar da ita da mijinta ke fita aiki tun safe, ba ƴar aiki, ba ƙanwa, ba ƴar riƙo, ita ce ta ga na'urar ta ce abin nema ya samu.

Yanzu mu dawo Gure, mu shiga gida mu duba.

Abu na farko daɓe. Gidaje da yawa a garin da ƙauyukan kewaye daɓen ƙasa gare su, wasu kuma da gangan ake ɗebo farin rairayi mai laushi a zuba a ɗaki da tsakar gida, a riƙa tankaɗe shi ana fitar da datti ana barin rairayin. Wannan tsafta ce irin tamu, kuma duk wanda ya taɓa kwana a kan irin wannan rairayi da bazara ya san daɗinsa. Ita kuwa na'ura ba ta san bambancin datti da daɓe ba. In aka ɗora ta a irin wannan ɗaki, ɗakin kansa za ta kama ci har ta shaƙe, in ma tayoyinta ba su nutse tun farko ba. Inda aka yi siminti kuma, sai ka tarar da tabarma ko leda ko darduma a shimfiɗe, gefensu ya ɗaga, ga igiyar gidan sauro, ga wayar caji, ga jeren kwanoni da kulolin amarya a ƙasa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tarko ne a wurinta. Buroshinta na naɗe zare da igiya da gashin kitso ya tsaya cak, sai an kifar da ita an sa almakashi.

Abu na biyu dokin ƙofa. Galibin waɗannan na'urori ba sa iya hawa abin da ya wuce santimita biyu. Mu kuwa magininmu yana ɗaga dokin ƙofa sosai domin ya tare ruwan damina da rairayi da kunama. Ke nan ba za ta iya fita daga ɗaki zuwa ɗaki ba sai an ɗauke ta a hannu kamar jaririya. Tsakar gida kuwa, inda nan ne ainihin sharar take, da kashin awaki da ganyen bedi da ƙaiƙayi da tokar murhu, ba ma a maganarta, domin ba a yi ta don waje ba.

Abu na uku, kuma shi ne babba, yawan ƙasar da ke shigo mana. A arewacin ƙasar Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe, wanda masana ke cewa babu wurin da ya kai shi tayar da ƙura a duk duniya. Iska na matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi wannan gari ta yo kudu maso yamma da shi, kuma gabashin Nijar na kan hanyarta. Wannan shi ne hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris, wanda mai tebur ke kaɗe kayanta da safe kafin azahar su koma fari fat. Ban da shi ga hadarin ƙasa na farkon damina, ga kuma rairayin tuddai da ke kewaye da mu yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa dare da rana. Akwatin dattin na'urar kuwa, a mafi yawansu, bai wuce rabin lita ba. Matar da ke kwashe abin da ya kusa cika tiya a ɗaki ɗaya bayan iska ta kwana tana kaɗawa, ita za ta gaya maka sau nawa za a zubar da wannan ɗan akwati kafin a gama. In har sai an tsaya a kanta ana juye ta, ina amfanin cewa tana aiki da kanta?

Shi kuma rairayi ba kamar gashin kyanwa ba ne. Yana da nauyi, yana da kaifi, yana cin roba, yana shiga cikin tayoyi da ƙananan haƙoran injin. Masu gyaran babur da injin niƙa a Gure sun san aikinsa. Ƙurar hazo mai laushi kuma tana toshe matacin takardar nan, da zarar ya toshe ƙarfin zuƙa ya faɗi, injin ya ɗau zafi. Kamfanonin da kansu suna cewa a sauya matacin bayan wata biyu ko uku, buroshi kuma bayan wata shida zuwa shekara, kuma wannan lissafin gidan Turai ne mai tagar gilashi.

Sai maganar wuta. Gaskiya na'urar ba ta da cin wuta sosai, ko hasken rana na gida mai ɗan ƙarfi zai iya cajinta. Matsalar ita ce mazauninta na caji dole ya kasance a kunne ko da yaushe, domin da siginar da yake aikowa take gane hanyar komawa. In an ɗauke wuta tana tsakar aiki sai ta yi ta bulayi har ta mutu a ƙarƙashin gado. A ƙasarmu kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wutar lantarki, kuma idan mai karatu bai manta ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu a watan Agusta saboda takunkumin CEDEAO, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga can take zuwa. Yamai da Maraɗi da Damagaram suka sha duhu har zuwa Maris na 2024. Masu sayar da ƙanƙara da lemun sanyi ba za su manta da wannan lokaci ba. Daɗin daɗawa batirin da ke cikinta irin na salula ne, kuma babu abin da ke kashe irin wannan batir da wuri kamar zafi. Wanda ya ga yadda batirin salularsa ke kumbura a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40 a ma'auni, ya san abin da nake nufi.

Mu zo ga kuɗi, tunda shi ya tara mu. A kasuwannin Turai ta kirki mai araha tana farawa ne daga wajen yuro 150, wato kusan jika ɗari, masu tsadar kuma suna haura yuro 1,000, fiye da jika 650 ke nan. Wannan kafin a sa kuɗin dako da na duwan da ribar wanda ya kawo. Kowane ɗan kasuwa ya san yadda rufe iyakar Benin a 2023 ya sa kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin mota ya yi sama. Masu karatu mata sun fi ni sanin farashin tsintsiya, amma mu ɗauka dala arba'in ce. Jika ɗari za ta sayi tsintsiya 500. In gida na cinye guda a wata, sharar shekara arba'in da ɗoriya ke nan. Ita kuwa na'ura, batirinta kan fara gazawa ne bayan shekara biyu ko uku.

Kuma a nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya buɗe ido. Mai sayar da atamfa in ya sayar ya gama. Mai sayar da na'ura kuwa ciniki bai ƙare ba sai ranar da ta lalace. Uwar amarya da ta ba ka jika ɗari da hamsin, in abin ya tsaya bayan wata uku, ba kamfanin Shenzhen za ta nema ba, rumfarka za ta zo, kuma ba ita kaɗai za ta zo ba. Kana da mataci? Kana da buroshi? Kana da batir irin nata? Akwai mai gyara a Damagaram da ya taɓa buɗe irinta? Kowane kamfani da irin kayan gyaransa, na wannan ba ya shiga na wancan, wani lokaci ma a kamfani ɗaya ƙirar bana ba ta karɓar kayan ta bara.

Kada kuma a ce ai babban kamfani ba ya mutuwa. Shi kansa iRobot da ya fara wannan kasuwa, a watan Agustan 2022 kamfanin Amazon ya amince zai saye shi a kan dalar Amurka biliyan 1.7, amma cinikin ya wargaje a Janairun 2024 bayan hukumomin Tarayyar Turai sun nuna ba su yarda ba. Kamfanin ya sallami kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatansa, bashi ya yi masa katutu, a watan Disamban 2025 ya je kotu ya bayyana karayar arziki, aka shirya miƙa shi ga Picea, kamfanin ƙasar Sin da ke ƙera masa kayan kuma yake bin sa bashi. In uban tafiya ya shiga wannan hali, me za a ce da na'urar da ko sunan kamfani babu a jikin kwalinta?

Wannan ya kawo mu ga wadda na fi jin tsoro, domin ita ce za ta fi saurin isowa kasuwanninmu. Akwai wasu ƴan na'urori marasa nauyi da ake tallarsu a intanet da arahar gaske, siffarsu ɗaya da ta gaskiya, amma abin wasan yara ne. Wasu ba su da fankar zuƙa ko kaɗan, wani ɗan ƙyalle ne kawai aka manna a ƙasansu suna jan sa. Ba su da ido, ba su san hanyar komawa caji ba, a bidiyo kuwa sai ka rantse aikinsu ya fi na mutum. Araha dai ba ta ado. Wanda aka kawo wa irin wannan haja a Sabon Gari ta Kano ko a kasuwar Dole, kada ya tsaya kallon kwali. Ya sa a kunna ta a gabansa, ya watsa dintsin rairayi da na gero a kan siminti ya ga abin da za ta kwashe, sannan ya buɗe akwatin ya tabbatar a ciki suke, ba warwatsa su ta yi ba. Ya sa tafin hannu a bakin zuƙar ya ji ko tana ja. Ya ɗora ta a kan tebur ya ga ko za ta tsaya a baki ko za ta faɗo, hannunsa na kusa. Ya bar ta ta yi aiki rabin awa ya taɓa jikinta. Ya kuma karanta rubutun da ke jikin abin cajin, domin wutarmu 220 ce, ta Amurka kuwa 120, kuma wasu daga cikin na hannu da ake kwasowa daga can, musamman masu babban mazauni, da an soka su a soket ɗinmu sun ƙone. In mai kaya ya ƙi yarda da gwaji, amsa ta fito. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai kuma wata magana da ta shafi mutuncin gida, wadda dillalai ba za su faɗa ba. Masu kyamara daga cikin waɗannan na'urori suna haɗe da intanet. A watan Disamban 2022 mujallar MIT Technology Review ta fallasa cewa wasu hotuna da na'urorin gwaji na Roomba suka ɗauka a cikin gidajen mutane a 2020, har da na wata mata a makewayi, sun ɓulla a dandalin sada zumunta ta hannun wasu ma'aikata a ƙasar Benezuwela da aka ba aikin tantance hotunan. Kamfanin ya ce na'urorin gwaji ne da aka ba waɗanda suka sa hannu suka yarda, ba waɗanda ake sayarwa a kanti ba. Ko ma dai yaya ne, magidancin da ba ya barin baƙo ya wuce zaure ya kamata ya san abin da yake shigarwa ɗakin iyalinsa.

Sai dai kada a ce na zo ne kawai in kushe kayan mutane. Akwai abu ɗaya da na'urar ta fi tsintsiya, kuma ba ƙarami ba ne. Tsintsiya tana kwashe mai nauyi ne ta tayar da mai laushi sama, mai shara ta shaƙa, jaririn da ke bayanta ya shaƙa, bayan an jima sauran ya sauko kan gado da kwanon abinci. Ita kuwa na'ura tana riƙe ƙurar a cikinta. Ka tuna wanda ya ƙera ƙaramar ta farko mai shara ne da ƙura ta hana shi numfashi. Likitoci sun daɗe suna cewa busasshiyar iska mai ƙura tana raunana hanci da maƙogwaro, ta buɗe wa cututtuka ƙofa, shi ya sa sanƙarau ke tashi da rani. A jihar Damagaram kaɗai, daga farkon Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu, 18 suka rasu. Ba ina cewa shara ce ta kawo shi ba, ƙwayar cuta ce, kuma rigakafi ne maganinsa. Amma yayyafa ruwa kafin shara, da fitar da yara waje, da rufe hanci da gefen mayafi, abubuwa ne da ba sa cin ko dala. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, abin da ya sa shara ke da araha a wurinmu shi ne ba a biyan mai yin ta. Yarinyar da ke duƙe tun asuba tana share tsakar gida kafin ta ɗauki tallan koko, ta isa lakkol a makare ko ma ba ta je ba, ita ce ke biyan kuɗin.

To wa zai iya saye ya ci moriya? Mai gidan tayil da tagogin gilashi a Yamai ko Damagaram, da otal, da buro, da ɗakin shan magani, wurin da wuta ke tsayawa kuma ƙasa ba ta shiga sosai. Ko su ɗin ma, na'urar zuƙa ta hannu mai babban ciki ta fi dacewa da ƙasarmu, domin ta fi ƙarfi, ta fi araha, kuma mai gyaran fanka zai iya buɗe ta. Waɗannan masu saye ƴan kaɗan ne, kuma galibinsu da kansu suke sayowa in sun je Dubai ko umara. Ba kasuwar da za a sari biyar a ajiye a rumfa a Gure ba ce.

Ita kuwa dattijuwa mai tsintsiya, ta kwantar da hankalinta game da faifan nasara. Abin da ke cin kasuwarta yana kusa da ita. Na farko tsintsiyar roba mai dogon hannu da ke shigowa daga Kano da ƙasar Sin, wadda ƴan matan yanzu suka fi so saboda ba a duƙawa. Wannan koke ne na gaskiya, ciwon baya ba wasa ba ne, kuma mai ɗaure tsintsiya da ta yi dabarar sa wa tata sanda za ta riƙe masu sayenta. Na biyu kuma, wanda ya fi girma, shi ne ita kanta kabar da ciyawar da ake yin tsintsiyar da su. Arzikin ƙasar Gure yana cikin kwarurukanta, irin su Kilakina da na wajen Bune, inda ake samun dabino da kanwa da kayan lambu, goriba kuma ta kewaye su kamar katanga. Tun bayan farin 1973 da na 1984 da suka kashe itatuwa da ciyawa, tuddan rairayi suka taso suna binne waɗannan kwaruruka ɗaya bayan ɗaya. Daga wannan goriba ake samun kabar tabarma da igiya da faifai da tsintsiya, sana'ar da dubban mata ke ci da ita daga nan har Gulbin Kaba a jihar Maraɗi.

Domin tare wannan rairayi ne aka yi shirin da ake kira PLECO a Gure da Maine Sorowa, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Aikin kuwa da hannu ake yin sa. Ana kakkafa shinge a kan tudu da kalimbo ko da rassan goriba, layi-layi a gicciye, domin a karya ƙarfin iska, sannan a dasa itatuwa a tsakani a hana dabbobi shiga har su kama. Wato itaciyar da ke ba mu abin share rairayi daga ɗaki, ita ce kuma ke tare shi tun daga bakin kwari. Shi ya sa mai yankan kaba da ke sare har zuciyar, ko mai sare goriba ɗanya don azara, yake yi wa mai tsintsiya ɓarnar da babu wani kamfanin Amurka ko na Sin da zai yi mata.

Na sake bi ta rumfar abokina bayan mako biyu. Ya ce sun yi magana da hajiya, sun tsaya a kan cewa in ya je Kano zai nemo guda ɗaya tak, mai sunan kamfani, tare da mataci biyu da buroshi na canji, a kai ta gidan wani ɗan'uwansa mai tayil a Damagaram ta yi hunturu guda cur ana gani. Sauran kuɗin hajiya ta mayar da su kan kuloli da ledar ɗaki, ta kuma ce wa dattijuwar ta ɗaure mata tsintsiya ashirin masu laushi, domin akwai bukukuwa huɗu a gabanta.